Man Shafawa Mai Haɗin Kayan Teku: Abin da Fata ke Karɓa da Abin da Take Ƙi

 Ga wata magana da ta shafi ciniki, ta kuma shafi lafiyar iyali.

Wanda duk ya ratsa layin masu kayan shafe-shafe a kasuwar Sabon Gari ta Kano, ko ta Sakkwato, ko ta Maraɗi, ba zai rasa ganin kwalabe masu hoton teku ba. Wata an zana mata koriyar ciyawa tana lilo cikin ruwa, wata kifi, wata kuwa lu'ulu'u a cikin ɓawonsa. Mai kanti yakan ce da mai saye, "Hajiya, wannan daga teku aka samo shi, ba a gauraya shi da kome ba, ba ya cuta." Ta biya ta tafi. Sau da yawa akan wanye lafiya. Amma wata rana sai ga ta ta komo fuska a kumbure, ga ƙaiƙayi, ga kuraje, bayan sun warke kuma su bar mata baƙin tabo wata da watanni. Daga nan magana ta kai gaban sarkin kasuwa ko zauren malam, mutuncin mai kanti ya zube, alhali kuwa shi ma abin da aka gaya masa a wurin sari ya maimaita.

To, ku sani, kalmar nan "daga teku" ita kaɗai ba ta zama shaidar lafiya, ba ta kuma zama shaidar cuta. Abu uku ke yanke hukunci: ruwan da abin ya fito, irin tacewar da aka yi masa, da fatar wanda zai shafa. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya, amma bari mu fara da abin da ke gidajenmu.

Abin da iyayenmu suka riga mu sani

Ko da yake ƙasarmu na nesa da gaɓa, kayan teku sun daɗe da shiga ɗakunan matanmu. Ga farce, wanda ake sa wa turaren wuta da humra. Sunan ya samo asali daga kamarsa da farcen mutum, amma a gaskiya murfi ne da wasu dodannin koɗi na teku ke rufe bakin ɓawonsu da shi. Daga wajen Bahar Maliya fatake ke kawo shi, ta hanyar Sudan da Barno. Tambayi kowace gwanar haɗa turare, za ta gaya maka ba a sa farce ɗanye. Sai an jiƙa shi, an kankare ragowar naman da ya maƙale a jikinsa, an wanke, an shanya, an soya, kana a daka. In aka yi ganda a wankin, ƙarni ya ɓata haɗin duka.

Ga kuma anbar, wanda ke samuwa a cikin hanjin wata ƙatuwar dabbar teku, ya yi ta yawo bisa ruwa shekara da shekaru har rana da gishiri su gyara ƙanshinsa. Saboda tsadarsa, da kuma hana cinikinsa da ƙasashe irin su Amurka da Ostareliya suka yi, mafi yawan abin da ake kira anbar a turarukan kanti yanzu kwaikwayo ne da masana ke haɗawa daga wani ganye mai ƙanshi.

Darasin farce shi ne tushen maganarmu duka: abin teku ba ya isa jikin mutum sai an tsarkake shi. Masu manyan masana'antu a Faransa da Japan da Koriya wannan aikin suke yi, sai dai da injuna da ma'auni.

Kayan teku da ke cikin kwalba

Na farko, kuma mafi yawa, ita ce ciyawar teku. Akwai ja, akwai kore, akwai mai ruwan ƙasa. Daga mai ruwan ƙasa ake fitar da wani abu mai yauƙi da ake kira aljinet, wanda wani masani ɗan Ingila mai suna Stanford ya gano a 1881. Daga ja kuwa ake samun karajinan da agar. Aikinsu shi ne su kaurara mai, su riƙe ruwa bisa fata don kada ta bushe, kamar dai yadda kuɓewa ke kaurara miya. Indunusiya da Filifin ke kan gaba a noman jar ciyawar da ake yin karajinan da ita. A nan Afirka ma, matan Zanzibar sun shiga nomanta tun 1989, suna ɗaura ta a igiyoyi cikin ruwa marar zurfi. Wannan aji yana da sauƙi ga fata, har a asibiti akan rufe gyambo da ƙyalle mai aljinet, karajinan kuwa yana cikin man goge haƙori da yawa.

Na biyu shi ne man hantar kifin shak, mai suna sukwalin. Wani masanin Japan, Tsujimoto, shi ya raɗa masa suna a 1916. Abin mamaki, maiƙon da fatar ɗan Adam ke fitarwa da kanta, wajen kashi 12 cikin 100 nasa sukwalin ne, don haka fata ba ta ɗaukarsa baƙo. Aibinsa shi ne iska kan ɓata shi ya yi ɗoyi, saboda haka akan sarrafa shi ya zama sukwalan, wanda ke jure ajiya. Da yake kashe kifayen ya yi yawa, su kuwa ba su da saurin haihuwa, yanzu ana samun irin man nan daga zaitun da rake, kuma fata ba ta bambanta su.

Na uku shi ne kolajin, watau danƙon nan da ke cikin fatar kifi da ɓamɓarokinsa, ɗan'uwan wanda ke sa romon ganda ya daskare in ya huce. Masu talla kan ce yana shiga jiki ya kawar da tamoji. A nan sai a yi hattara. Masana fata sun auna sun ga abin da nauyin ƙwayarsa ya haura 500, bisa ma'auninsu, da wuya ya ratsa lafiyayyar fata, ƙwayar kolajin cikakkiya kuwa nauyinta wajen 300,000 ne. Raƙumi ke nan a ƙofar kurtu. Iyakar aikinsa ya zauna a bisa, ya riƙe laima, fata ta yi laushi.

Na huɗu shi ne kitosan, wanda ake fitarwa daga ɓawon ƙaguwa da jatan lande, bayan an narkar da allin ɓawon, an kuma wanke ragowar nama. Akan sa shi a man gashi da na fuska don ya yi wa fata siririn lulluɓi.

Na biyar, gishiri da laka, musamman na Tekun Luɗu da ke tsakanin Urdun da Falasɗinu. Gishirin ruwansa ya kai wajen kashi 34 cikin 100, na sauran teku kuwa kashi 3 da rabi ne kawai.

Na shida sabon shiga ne, daga Koriya ya bazu. Wasu ƙananan tsinkaye ne masu kama da garin gilashi, waɗanda ke cikin jikin soson ruwa, na teku ko na tafki. Akan zuba su cikin mai don su tsattsaga fata, sauran haɗin ya sami hanyar shiga. Wanda ya shafa yakan ji tsira-tsira kamar ƙaiƙayin gero, wani lokaci har kwana biyu.

Mas'ala ta farko: ruwan da abin ya fito

Ciyawar teku ba ta da saiwar da ke tsotso daga ƙasa. Da dukan jikinta take sha, kuma abin da ruwa ya ɗauko shi take tarawa, mai kyau da marar kyau. In ruwan na kusa da bakin kogin da masana'antu ke zubar da dauɗa, sai ta tara dalma da zaiba da kadmiyom, da kuma asinik, wanda Larabawa ke kira zarnik. Akwai wata baƙar ciyawa da mutanen Japan ke ci, sunanta hijiki, wadda hukumar abinci ta Kanada a 2001, da ta Ingila a 2004, suka gargaɗi jama'arsu su bar ci saboda yawan zarnik da ke cikinta. Gaskiya ne ci ya fi shafawa haɗari nesa ba kusa ba, domin fata katanga ce. Duk da haka man fuska kullum ake shafa shi, shekara da shekaru, na leɓe kuma akan lashe shi. Shi ya sa masana'anta mai tsoron doka ke auna ƙarafan nan cikin kowace sara kafin ta karɓa.

Sai kuma aidin. A cikin tokar ciyawar teku aka fara gano shi, a 1811, lokacin da wani Bafaranshe mai suna Kurtuwa ke dafa toka don haɗa albarushi, ya ga wani hayaƙi mai launin shuni ya tashi. Wasu manyan ciyayi masu ruwan ƙasa kan tara aidin har ya ninka na ruwan da suke ciki sau 30,000. Jiki na bukatarsa kaɗan, rashinsa ke kawo maƙoƙo, amma yawansa ma kan rikita wannan halitta ta gaban wuya. Lafiyayyar fatar babba ba ta barin mai yawa ya wuce. Fatar jinjiri kuwa, da wurin ƙuna, da gyambo, suna bari. Saboda haka mai ciki, da mai shayarwa, da mai ciwon maƙoƙo, kada su lulluɓe jiki da ƙullin ciyawar teku sai da yardar likita, jariri kuwa a nisanta shi da shi.

Har wa yau, teku na da nata masu dafi. A 1958, a tsibiran Hawai, mutum fiye da 100 suka yi iyo, bayan 'yan sa'o'i fatarsu ta yi ja, ta ɗuri ruwa kamar ƙunar wuta, musamman ƙarƙashin tufafin wanka. Da aka bincika sai aka ga wata gansakuka ce mai kama da gashi ta maƙale musu. Haka kuma masuntan Tekun Arewa, tsakanin Ingila da Danmak, suna da wani kirci na hannu da suke samu daga wata halitta mai kama da ciyawa da ke hawowa cikin komarsu, wanda wani likitan Danmak ya bayyana a 1948. Ba a sa waɗannan cikin man shafawa. Mun kawo su ne don a gane sunan "ciyawar teku" laima ce da ta rufe dubban iri, kuma wanda ya kwaso daga gaɓa ya daka ba tare da sanin iri ba, caca ya yi da fatar mutane.

Mas'ala ta biyu: tacewa da gwaji

Sai an gwada akan san na ƙwarai. A ƙasashen Tarayyar Turai, dokar da aka kafa a 2009 ta wajabta wa duk mai fitar da kayan shafawa ya sa ƙwararre ya rubuta rahoton lafiyar kayan kafin su shiga kasuwa. A Amurka akwai wani kwamitin likitoci da masana da ke bin kayan haɗin ɗaya ɗaya tun 1976. A 2019 suka kammala duba iri 82 da ake samu daga ciyawa mai ruwan ƙasa. Suka ce mafi yawansu ba su da laifi bisa gwargwadon da ake sa su, sauran kuma suka ce hujjar da ke hannu ba ta isa a yanke musu hukunci ba. Ku lura da wannan ladabi na ilmi. Mutanen da suka ƙare rayuwarsu kan aikin ba su yi wa teku hukunci ɗaya ba, iri iri suka bi.

Ga yadda ake gwajin. Akan tara masu sa kai, daga mutum 50 zuwa 200, a liƙa musu ɗan man a gadon baya, a rufe da filasta. A cire, a duba, a sāke, har sau 9 cikin mako 3. Sa'an nan a bar su su huta wajen mako 2, kana a liƙa a sabon wuri. Hikimar hutun ita ce, jiki ba ya nuna ƙiyayya ran da ya fara gamuwa da abu, sai ya san shi ya riƙe shi, in ya komo ya tasar masa. In ba wanda ya yi ja ko kumburi, sai a ce man ya ci jarrabawa. Amma mutum 200 ba su ne duniya ba. Abin da zai dami mutum ɗaya cikin 1,000 yana iya kuɓuce wa wannan gwaji sarai. Saboda haka rubutun nan da ake gani a kwalba, wai likitocin fata sun gwada, ma'anarsa haɗarin kaɗan ne, bai kai ga rantsuwa ba.

Mas'ala ta uku: fatar mai shafawa

Ƙin da fata ke yi wa mai iri biyu ne, kuma ya kamata mai kanti ya iya rarrabe su.

Na farko cin fata ne, irin wanda toka ko sabulu mai kaifi ke yi wa hannun kowa in ya yi yawa. Alamarsa raɗaɗi da ja da bushewa, nan da nan, a daidai inda aka shafa. Gishirin teku da laka da tsinkayen soso nan suka fi ɓarna. Shi ne kuma ya fi yawa, wajen kashi 80 cikin 100 na irin wannan ciwo. In an daina, yakan lafa.

Na biyu ƙiyayyar jini ce, wadda ke samun wasu ta bar wasu. Mutum na iya shafa mai wata uku lafiya, ran nan sai ƙaiƙayi da kuraje su ɓarke bayan kwana ɗaya ko biyu da shafawa, har su wuce inda man ya taɓa. Akwai kuma mai gaggawa, watau borin jini, wanda ke fitowa cikin mintuna, ya kumbura idanu da leɓɓa, in ya tsananta ya shaƙe numfashi. Wannan na ƙarshe furotin ke jawo shi, kuma nan ne kayan kifi ke da abin lura. Wanda cin kifi ke sa wa borin jini, kolajin na cikin abubuwan da jininsa ka iya ƙi. Wanda ƙaguwa da jatan lande ke tayar wa, ƙiyayyarsa da naman ce, kitosan da aka tace sosai ba ya ɗauke da shi sai ɗan abin da ba a rasa ba, amma wanda aka yi wa wankin ganda yana iya ɗauka. Mun komo kan darasin farce ke nan.

A nan kuma mu gyara wani kuskure da ya yaɗu. Wasu na cewa wanda kifi ko ƙaguwa ke sa wa bori, aidin ne jikinsa ya ƙi. Ba haka ba ne. Aidin na cikin jikin kowa, furotin ɗin naman ne mai laifi.

Akwai wani abu da ya fi wannan ban tsoro, shi ne mutum ya koyi ƙin abinci ta hanyar fatarsa. A Japan an sayar da wani sabulun wanke fuska mai haɗin furotin ɗin alkama da aka farfasa. Mata suka yi ta wanka da shi, yana shiga ta ido da hanci da ƙananan tsagogin fata. Daga baya mutum fiye da 2,000 suka wayi gari in sun ci burodi ko taliya sai fatar idonsu ta kumbura, wasu har su faɗi a sume. Aka janye sabulun a 2011. Alkama ba kayan teku ba ce, amma hanyar ɗaya ce, kuma likitocin ƙasar sun ba da labarin mai kirci da ya daɗe yana shafa man kolajin kifi, daga bisani ya ci abu mai kolajin ya kamu da bori mai tsanani. Irin wannan ba ya yawan faruwa. Abin riƙewa shi ne, fatar da ta tsage ƙofa ce a buɗe.

Wannan kuwa ya shafe mu ƙwarai. In hunturu ya kama, iska ta bushe, fata kan yi furu-furu, kaushi da faso su fito, a lokacin ne kuma mutane suka fi neman mai. Abin da fata ta jure da damina tana iya ƙinsa da sanyi. Mai shafa man bilicin kuma ya riga ya sirantar da katangarsa. Sa'an nan baƙar fata tana da wata ɗabi'a: duk inda ta yi kumburi ko ƙuna, in ta warke sai wurin ya ƙara duhu, ya daɗe bai koma ba. Don haka man tsinkayen soso da gishirin dirza, waɗanda farar fata kan yi ja kwana biyu ta manta da su, suna iya bar wa 'yarmu tabon da ya fi abin da ta je gyarawa muni.

Abokan tafiya cikin kwalba

Sau da yawa akan ɗora wa teku laifin da ba nata ba. Ruwan ciyawar da ke cikin kwalba ɗan kaɗan ne, sauran duk ruwa ne da mai da turare da maganin hana ruɓa. Likitocin fata sun tabbatar turare da maganin hana ruɓa su ne kan gaba wajen jawo ƙiyayyar jini daga kayan shafawa. Akwai ɗaya daga cikin magungunan nan da ya addabi mutane har Tarayyar Turai ta hana sa shi, tun 2017, cikin man da ake bari a jiki. Amma ba a iya barin su gaba ɗaya, domin duk haɗin da ke da ruwa, in ba mai tsaronsa, ƙwayoyin cuta da fumfuna za su mai da shi gida, balle a zafin bazararmu.

Mafi sharri shi ne mayaudari da ke fakewa da hoton lu'ulu'u ko ciyawa, alhali abin da ke aiki cikin kwalbarsa zaiba ce ko maganin asibiti mai ƙarfi da ke sirantar da fata. Ka riƙe wannan ƙa'ida: babu ciyawar teku ko garin lu'ulu'u da ke mai da baƙi fari cikin mako guda. Man da ya yi haka, akwai wani abu a ciki da ba a rubuta ba. Zaiba kan ratsa fata ta lalata ƙoda da jijiyoyi, ta kuma isa ga ɗan tayi. Duniya ta ga aikinta a garin Minamata na Japan, inda aka gane cutar a 1956, bayan wata masana'anta ta zuba ta a teku, kifi ya ɗauka, masunta suka ci. Da sunan garin aka ƙulla yarjejeniyar ƙasashe a 2013, a 2023 kuma aka zartar a daina sa zaiba cikin kayan shafawa ko kaɗan bayan 2025.

Tambihi ga malamai

Akan zo muku da tambayar ko man da aka haɗa da kifi ko ƙaguwa yana da tsarki. Sananne ne a mazhabar Imamu Malik cewa dabbar ruwa mai tsarki ce, da ranta da mushenta. Amma in kun ba da wannan amsa, ku ƙara wa mai tambaya cewa hukuncin tsarki daban, dacewa da jiki daban. Zuma halal ce, mai ciwon sukari kuwa yakan yi mata ƙwauro. Kada mutum ya fita zaure yana zaton fatawa ta ɗauke masa gwaji.

Nasiha ga mai saye da mai sayarwa

Kai ɗan kasuwa, kayan da ke rumfarka amana ce. Kada ka sari mai sai ka ga sunan masana'anta da ƙasarta, da jerin kayan haɗi, da ranar da aikinsa zai ƙare, da lambar rajista, wadda a Nijeriya hukumar NAFDAC ke bayarwa, ita kuwa an kafa ta a 1993. A jerin haɗin, abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa, to in ka ga sunan ciyawar can ƙarshe, ka san hoton ya fi ta girma, kada ka yi wa mai saye alkawarin da kwalba ba za ta cika ba. Ka guji man da aka ɗura daga bokiti zuwa robar da ba rubutu. Ka ajiye kaya a inuwa. Wanda ya rabu biyu, ko ya sāke launi, ko ya yi ƙarni, zubar da shi ya fi arha bisa ga biyan kuɗin asibiti. Kafin ka miƙa mai haɗin kifi ko ƙaguwa, ka tambaya, "Hajiya, ko cin kifi yana sa ki ƙaiƙayi?" Tambayar ba ta cin kwabo.

Ke kuma mai saye, ga gwajin da likitocin fata ke koyarwa. Ki ɗebi kaɗan ki shafa a lanƙwasar hannu ta ciki, wuri kamar faɗin sule, safe da yamma, kwana 7 zuwa 10. In sabulu ne, ki bar shi minti 5 ki ɗauraye. In wurin bai yi ja ko ƙaiƙayi ba, ki kai shi fuska. Kada ki fara sababbin mai biyu a mako ɗaya, don in abu ya faru a san mai laifi. Kada a shafa bisa ƙurji ko tsaga ko inda aka yi aski yanzu. In ƙaiƙayi ya taso, a wanke da ruwa mai yawa, a daina, a tafi asibiti da kwalbar a hannu. In kuwa leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya yi nauyi, ba a jiran gari ya waye.

Man kaɗanya da man gyaɗa da muka gada ba su fasa aikinsu ba don baƙo ya zo. Shi ma baƙon, in ya fito daga ruwa mai tsabta, aka tace shi, aka gwada shi a hannu kafin fuska, yana da amfaninsa, kuma mafi yawan mutane za su shafa shi lafiya. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa na rumfa.